Sunan Wa Ke Kan Shagona

Litinin, 2 ga wata

Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ga yadda muke a gida. Babanki ƙafar ta yi sauƙi, yana zuwa bakin titi ya dawo ba sanda, sai dai in zai tashi daga kujera sai ya yi nishi har maƙwabta su ji. Yayanki lafiya lau, har ya yi ƙiba. Matarsa ce ke fama da haƙori, ta ƙi zuwa a cire. 'Yarsu ta yi mura ta warke. Kakarki tana ci tana sha, kunnen ne dai sai an ɗaga murya. Ni idona na hagu yana ruwa in na daɗe a kan keken ɗinki, ban da shi ƙalau nake. Ki gaishe da Gwaggonki.

Kada ki ce me ya hana ni kira. Duk sanda na kira ki, kafin in kai ƙarshen magana sai in ji muryar Gwaggonki a bayanki tana cewa, "Tambaye ta kaza." Takarda kuwa ke kaɗai za ki buɗe. Kuma malamarmu ta ajin manya ta ce hannun da ya koyi rubutu da furfura, in aka bar shi mako biyu sai ya manta hanya. Na yi magana da direban da ke zuwa wajenku duk Laraba, zai riƙa kai miki, ya dawo mini da amsa ran Juma'a.

Ga abin da ya dame ni. Wata biyu ke nan da na taso da shago daga layin tasha zuwa bayan asibiti. Na san kin gyara adireshin a cikin shafin da kika buɗe mini a intanet, amma duk wanda ya nemi zanen gado ko labule a injin bincike, tsohon wuri yake nuna masa. Jiya wata baiwar Allah ta iso tana share gumi, ta ce, "Mai labule, kin sa na je na tsaya gaban mai gyaran waya ina tambayar zanen gado mai fure. Ya ce in ba wayata zan shimfiɗa wa ba, in ƙara gaba." Ita ta yi haƙuri ta nemo ni. Nawa ne suka juya gida ban sani ba?

Kin ce sai injin ya yarda ni ce mai shafin kafin in iya ce masa ya sake dubawa. Na bi zanen da kika yi mini a littafi ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe kwamfutar da kika bar mini, na shiga da imel ɗina, na danna inda ake tabbatar da mallaka. Ya yi ta juyi, sannan ya fito da jan rubutu. Na kwafe shi na kai wa malamarmu, ta ce ma'anarsa ba a sami fayil ɗin shaida a inda ya kamata ba. Sau tara na danna. Babanki ya ce in bar shi ya huta, wai shi ma in aka dame shi haka ba zai sa hannu ba.

Kada ki ce sakaci na yi. Duk Asabar da safe ina shiga ma'ajiyar shafin yadda kika koya mini, in ɗora hotunan sabon ɗinki, in cire na waɗanda aka saya, in kwashe duk wani tarkace. Wurin tsaf yake kamar ɗakina.

Ki duba mini. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita.

Innarki


Alhamis, 5 ga wata

Inna,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta sau uku don daɗi. Rubutunki ya miƙe sosai, ya fi na likitocinmu nesa ba kusa ba. A gaishe da Baba, a ce masa nishin ya isa haka. A ce wa matar Yaya haƙorin ba zai fita don kansa ba. Ni lafiya lau, aikin ɗakin gwaji ne dai ya yi yawa tun da aka rage mana mutum biyu.

Kada ki tayar da hankalinki, abin ba wuya. Injin binciken nan ba ya yarda da bakin mutum. In kika ce shafi naki ne, sai ya ba ki wani ɗan fayil ya ce, "Je ki ajiye wannan a cikin gidan da kika ce naki ne. In na zo na same shi a ciki, na san kina da makulli." Shi ne fayil ɗin shaida. Na ɗora miki shi tun watan jiya, amma yau da na duba ban gan shi ba. Wataƙila bai hau daidai ba. Na sake ɗorawa, na buɗe shi daga nan, yana nan. Ki sake dannawa, za ki ga alama kore. Sharaɗin kawai shi ne ya zauna a wurin, don injin yakan dawo ya leƙa lokaci-lokaci.

Ko da ma naki ya ƙi, shafin ba maraya ba ne. Na Gwaggo ya yi kore tun bara. Kin san a kwamfutarta na gina shi, da imel ɗinta na fara yin rajista don lokacin ba ki da naki. Ita shaidarta ba fayil ba ce, layi ɗaya ne da na ɓoye a saman shafin farko, shi ya sa bai taɓa ba da matsala ba. In kina so ma sai in shiga ta wajenta in ce wa injin ya sake duba adireshin, a huta.

Gwaggo tana gaishe ki. Ta ce idon nan kada ki yi wasa da shi, akwai likitan ido kusa da gidanmu, in kin zo za ta kai ki.

Taki,
Auta


Talata, 10 ga wata

Auta,

Muna lafiya. Kakarki ta zame a banɗaki amma ba ta ji ciwo ba. An cire haƙorin.

Takardarki ta iso Juma'a da yamma. Asabar da safe na yi aikina na shafin, na gama, na wanke hannu, na danna. Jan rubutun nan dai, bai ko canza ba.

Amma ba shi ya hana ni sukuni ba. Na karanta wani layi a takardarki har takardar ta yi laushi a wurin. Na Gwaggo ya yi kore tun bara. Wato shekara guda ke nan, duk wanda ya tambayi injin nan wa ke da shagon labule, sai ya ce Gwaggonki. Matar da ko zare ba ta iya zurawa a allura ba. Ni da na yi shekara talatin ina taka keke har gwiwata ta san lokacin ruwa, ni ce nake tsaye a waje ina ƙwanƙwasawa, ana ce mini ba a san ni ba.

Kada ki shiga ta wajenta. Na hana. Gara mutane su yi ta zuwa wajen mai gyaran waya.

Ba yau aka fara ba, Auta. Kina da shekara goma sha ɗaya Babanki ya ce a kai ki wajen yayarsa, don ita ta yi aikin ofis, za ta iya duba miki littafi, ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Na yarda, don gaskiya ya faɗa. Duk takardar sakamakonki ita ta sa wa hannu. Ranar da aka yaye ku, na yi kwana uku ina ɗinka kayan da zan sa. Muka je, mai tsaron ƙofa ya duba takarda ya ce kujerar gaba ta wadda sunanta ke rubuce ce. Ta wuce ta zauna. Ni na tsaya can baya kusa da masu hoto, ina ɗaga ƙafa. Kin san abin da ya kai ni ajin manya ina da shekara hamsin da biyu, ina zama kan benci ina haɗa baƙaƙe ana yi mini dariya? Na ce kafin in mutu sai an sami takarda ɗaya da ta haɗa ni da ke wadda ni na sa wa hannu. Na ɗauka shafin nan ne. Ashe shi ma an riga ni zama.

Kuma kin rubuta "gidanmu". Na duba da kyau ko idona ne. Gidanku. To, madalla.

Bari in tambaye ki, ki yi tunani kafin ki ba ni amsa. Kin ce kin ɗora fayil ɗin, ya ɓace. Kin sake ɗorawa, ga shi ba a same shi ba. Abu ba ya tashi da ƙafarsa. Wa ke da kalmar sirrin ma'ajiyar nan ban da ni da ke? A kwamfutar wa take ajiye? Wa zai rasa kujerarsa in nawa ya yi kore? Ni ban kama sunan kowa ba. Tambaya na yi.

Innarki, in har yanzu ni ce


Talata, 24 ga wata

Auta,

Juma'a biyu ke nan ina fita bakin layi ina jiran direba. Ta farko ya ce ya ba da takardar, babu amsa. Ta biyu ko tsayawa bai yi ba, hannu ya ɗaga mini.

Kin kira ran Lahadi. Kin gaishe ni, kin tambayi idona, kin yi wa Babanki tsiya a kan sanda, kamar ba ki ga abin da na rubuta ba. Na jira ki tayar, ba ki tayar ba, sai na miƙa masa wayar. Ya ce, "Ke da 'yarki kuna gaisawa kamar masu haya a gida ɗaya."

In Gwaggonki ce ta ce ki yi shiru ki bar ni in huce, ki gaya mata ban huce ba. In kuma ke ce kika ga maganata ba ta kai a amsa ba, ki rubuta haka a layi ɗaya, zan iya karantawa.

Ina dannawa duk Asabar in na gama aikin shafin. Ja ne. Na ƙona hannu da dutsen guga shekaranjiya ina tunani, amma ba sosai ba, kada ki damu. Ko da yake ban san ko kina damuwa ba.

Kina cin abinci kuwa? Muryarki ta yi mini kamar kin rame.

Inna


Alhamis, 26 ga wata

Inna,

Jiya takardunki biyu suka iso tare. Ashe motar direban ta kwana biyu a gareji, sai ya ba wani abokinsa ta farko, shi kuma ya jefa ta aljihun mota ya manta. Kunya ta hana shi gaya miki. Wallahi ran Lahadi ban san kin rubuta komai ba. Ya hannun? Ki sa masa magani, kada ki ɗaure shi da tsumma.

Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ban san kin riƙe maganar kujerar nan ba. "Gidanmu" kuwa bakina ne ya saba, ba wani abu ba. Ki yafe mini.

Maganar fayil ɗin, ni ma ta ishe ni. Sau huɗu ke nan ina ɗora shi. Duk ranar Alhamis in sa, in duba Juma'a yana nan, Lahadi babu shi. Na rubuta wa kamfanin da ke ajiye mana shafin, suka ce ba daga wajensu ba ne, wani ne mai kalmar sirri yake shiga ya cire. Kalmar kuwa ɗaya ce, mu uku muka san ta. Ke na san hotuna kawai kike taɓawa. Kuma Asabar ce ranar da Gwaggo ke zama kan kwamfuta tana duba saƙonnin masu saye.

Sai na tambaye ta. Ban iya tambayar ba, Inna, raina a ɓace yake. Na ajiye takardarki a gabanta na ce, "Gwaggo, ke kike cire shaidar Inna?" Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce, "Shekara goma sha huɗu, yau ni ce ɓarauniya a ɗakina?" Na ce ban ce haka ba, amma fayil ba ya cire kansa. Ta tashi ta shige ɗaki. Yau da safe ta ajiye mini shayi a kan tebur, ni kuwa ban sha ba.

Ba zan iya zama haka ba. Wata abokiyar aikina tana da ɗaki kusa da asibiti, ta ce in dawo mu zauna tare. Na ce mata Asabar, sha biyu ga watan gobe. Na fara haɗa littattafaina.

Ban sake ɗora fayil ɗin ba, na gaji. Don dai ki san abin da ake ta rigima a kansa, wani ɗan mitsitsin abu ne, ba hoto ba. Sunansa dogo ne, baƙaƙe da lambobi a cakuɗe kamar kaza ta bi ta kan maɓallai. In aka buɗe shi layi ɗaya ne kawai a ciki. A kan wannan ne gida ya rikice.

Taki,
Auta


Talata, 1 ga wata

Autata,

Muna lafiya. Hannun ya bushe.

Na ga takardarki. Tunda kin yanke shawara, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Ki duba ɗakin da kyau, ki tabbata ƙofar tana da sakata kuma taga ba ta kallon titi. Ki auna mini tagar, tsawo da faɗi, in ɗinka miki labule. Akwai wani yadi ruwan toka mai kauri da na ɓoye, ban sayar wa kowa ba. In kin koma zan riƙa kiranki a waya, mu yi hira mu biyu.

Maganar shafi a bar ta tukuna.

Babanki ya tambaye ni me ya haɗa ki da yayarsa, na ce ban sani ba.

Innarki


Alhamis, 3 ga wata

Matar ƙanena,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ƙanena da Tsohuwa. Ni ce Gwaggon Auta. Direba ya zo karɓar amsa, yarinyar tana wajen aiki, sai na ce ya jira tawa.

Na karanta takardarki, don a gabana aka ajiye ta. Rubutunki ya yi kyau. Ba zolaya nake ba, na yi shekara ashirin da shida ina karanta rubutun mutane a ofis, na san mai kyau.

Ban taɓa fayil ɗinki ba. Ba zan rantse ba, ban saba rantsuwa a kan abin da ban yi ba. Abin da nake yi ran Asabar shi ne in amsa wa masu tambayar kuɗin labule, in ce su zo wajenki, mai shagon tana da hannu mai kyau. Haka nake rubutawa, mai shagon.

Jiya na kira kamfanin suka nuna mini inda layin nan nawa yake, na goge shi da hannuna. Yanzu shagonki ba shi da mai shi a wajen injin, sai ranar da naki ya zauna. Ban san yana yi miki ciwo ba, da tun bara na cire.

Kin ce na zauna a kujerarki. Na zauna. Kina so ki san abin da na samu a kujerar? Na biya mai hoto ya ɗauki yarinyar tana karɓar takarda. Hoton yana nan a ɗakina, ƙeyarta ce a ciki. Ta juya tana neman ki a baya. Shekara goma sha huɗu in ta yi zazzaɓi ni ke jiƙa tawul, ita kuma tana kiran Inna. Labulen falona da na saya da kuɗina ta sauke ta rataya naki. In na dafa abu ta ce ya yi daɗi, sai ta ƙara da cewa ke ba haka kike yi ba. Ban taɓa rubuta miki takarda a kan wannan ba. Ni ban haifa ba, na san aro aka ba ni.

Za ta tashi ran sha biyu. Ba zan hana ta ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ba ta cin komai da safe in ba an sa mata a hannu ba, kuma tana ɓoye ciwon ciki. Ki riƙa tambayarta, ke tana jin maganarki.

Yayar mijinki


Talata, 8 ga wata

Auta,

Kowa lafiya, sai ni. Ki zauna kafin ki karanta.

Ni ce. Ni nake cire fayil ɗin.

Ranar da takardarki ta zo kika kwatanta shi, baƙaƙe da lambobi a cakuɗe, tun a bakin layi na gane. Na san shi. Duk Asabar ina ganinsa a tsakiyar hotunana, ba hoto ba, ba suna mai ma'ana ba. Na ɗauka datti ne da kwamfuta ke tarawa, irin zaren da ke taruwa a ƙarƙashin keke. Har haushinsa nake ji, ina cewa wannan abu na share shi makon jiya ya sake dawowa. Washegari na buɗe kwandon sharar ma'ajiyar. Suna nan su huɗu a jere, kowanne da ranarsa, Asabar, Asabar, Asabar, Asabar.

Wannan kuskure ne, kuma da shi kaɗai ne da na yi dariya. Amma takardar da na aiko miki ta ɗaya ga wata, wadda na ce ki auna taga, na riga na sani lokacin da na rubuta ta. Na zauna da biro a hannu na ce, in na yi shiru yarinyar nan za ta fito daga gidan, in kira ta ba muryar kowa a bayanta. Na yi shiru. Na yi wa Babanki ƙarya. Har yadin na ciro na goge.

Sai ga takardar Gwaggonki. Ki tambaye ta abin da ta rubuta, ni ba zan iya maimaitawa ba.

Asabar ɗin nan na shiga kwandon, na mayar da fayil ɗaya wurinsa da kaina, ba wanda ya nuna mini. Na danna. Ya yi juyi, ya yi kore. Na buɗe inda ake jera masu shafi, sunana ne kaɗai. Na ce wa injin ya sake duba adireshin, ya karɓa. Abin da na yi wata biyu ina nema ke nan. Na zauna ina kallonsa, wata mata tana ta sallama a ƙofar shago ban ji ba. Ban ji daɗin komai ba, Auta. Kamar na ci abinci da mura.

Na gaya wa Babanki. Ya ce, "Ke da tsintsiyarki, wata rana ni ma za ki kwashe ni ki zubar." Daga nan ya ce in rubuta da kaina, shi ba zai shiga ba.

Wani abu kuma ya tsaya mini, bari in faɗa tunda yau ranar faɗa ce. Kin ce kin san hotuna kawai nake taɓawa. Kin zargi kamfani, kin zargi Gwaggonki, ni ko a ranki ba ki kawo zan iya ɓata abu ba. Ita ce mai wayon da za a zarga. To ga shi, na iya.

Kada ki ɗauka yanzu na daina jin abin da nake ji. In na tuna ita ta san kina ɓoye ciwon ciki ni ban sani ba, har yanzu ƙirjina yana zafi. Ina jin haka zan mutu da shi. Amma nawa ne, ba nata ba, kuma ba ta ɗauki komai nawa ba.

Ga abin da nake so. Ki kwance littattafanki ki mayar kan kanta. Ki ba abokiyar aikinki haƙuri. Ki je ki durƙusa gaban Gwaggonki ki nemi gafara, taki daban, tawa daban. Kada ki karanta mata takardar nan, ki miƙa mata ta karanta da idonta, har wurin yadin. Sannan ki mayar mata da layinta a shafin. Masu tambaya suna buƙatar amsa, ni kuwa kafin in haɗa layi biyu sun tafi wani shago. In akwai yadda za a yi sunana ya zauna a sama nata a ƙasa, ki yi. In babu, a bar shi.

Direba zai taso daga wajenku Juma'a. Na gaya masa kada ya motsa sai da takarda a hannunsa, kuma in ya sake ba wani aboki sai na sa an sace masa iskar taya. Ki amsa mini kafin Asabar, sha biyu ga wata. Layi ɗaya ya isa, ki ce kin zauna. In kuma ta ƙi yafewa, shi ma ki rubuta, in hau motar Laraba in zo in durƙusa da kaina, duk da gwiwar nan.

Innarki